Zauren Ɗalibai: Matakala uku da ke raba yaro da aji

Yau hirarmu ta karkata kudancin Jihar Sakkwato, wato ƙananan hukumomin Tambuwal da Kebbe, amma batun ya shafi kowane ɗalibi a duk inda yake. Tambayar da muke ɗauke da ita ita ce: ginin da aka yi da kuɗin jama'a, kamar makaranta da asibiti da sakateriya da kotu, kowa da kowa ke iya shigarsa, ko kuwa sai mai lafiyar ƙafa da ido da kunne?

Mu fara da ajinku. Gobe da safe kafin ku shiga, ku tsaya ku ƙirga matakalar da ke tsakanin filin makaranta da baranda. Galibin azuzuwan da ake ginawa a yankinmu ana ɗaga su sama da ƙasa don kada ruwan damina ya shiga, kuma wannan dabara ce mai kyau. Sai dai matakala biyu ko uku da ku kuke tsallakewa a guje ba tare da kun lura ba, ga yaron da ke kan keken guragu katanga ce. Ko dai ya sauka ya ja jiki a gaban 'yan ajinsu, ko ya jira wani ya ɗaga shi kamar kaya. Ba sau ɗaya ba, kullum, safe da rana, tun daga aji ɗaya har aji shida. Akwai yaran da suke jurewa. Akwai kuma waɗanda wata rana za a wayi gari ba su zo ba, a ce ai dama ba su son karatu.

Mutum nawa muke magana a kansu?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a rahotonta na 2022 cewa kimanin mutum biliyan 1.3 ne ke rayuwa da wata naƙasa mai tasiri, wato kashi 16 cikin 100 na al'ummar duniya, ko mu ce mutum ɗaya cikin shida. Ƙidayar 2006 ta nuna Tambuwal na da mutum fiye da 220,000, Kebbe kuma fiye da 120,000. Idan muka ɗora wancan ma'auni a kan waɗannan alƙaluma, lissafi zai ba mu mutum fiye da 50,000, alhali kuwa jama'a sun ƙaru sosai tun daga wancan lokaci. Wannan lissafi ne na aji, ba ƙidayar gida-gida ba, amma ya isa ya nuna mana cewa ba wasu 'yan tsiraru ake nufi ba.

A cikinsu akwai waɗanda cutar shan inna ta kama tun suna ƙanana. A watan Agustan 2020 aka tabbatar da cewa nahiyar Afirka ta rabu da asalin ƙwayar wannan cuta, amma waɗanda ta riga ta taɓa suna nan tare da mu, wasu sa'o'inku ne, wasu yayyenku. Akwai makafi da masu raunin gani, akwai kurame, akwai zabiya, akwai kakanninmu da gwiwa ta ƙi. Akwai kuma wanda ya fita lafiya lau a kan babur, hatsari ya rutsa da shi a kan titin Sakkwato zuwa Jega da ya ratsa Tambuwal, ya dawo gida da sandunan dogarawa. Shi ya sa ba daidai ba ne mu riƙa cewa "su" da "mu". Mai lafiya yau bai san me gobe za ta zo da shi ba, kuma duk wanda Allah Ya ba tsawon rai, watarana matakala za ta yi masa tsawo.

Abin da doka ta ce

Wannan magana ba roƙon alfarma ba ce, doka ce. A watan Disambar 2006 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da yarjejeniyar kare haƙƙin masu buƙata ta musamman. Najeriya ta sa hannu a 2007, ta kuma tabbatar da amincewarta a 2010. Bayan doguwar fafutuka, a watan Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya rattaba hannu a kan dokar hana nuna wariya ga masu naƙasa, wadda ake kira dokar 2018.

Ga kaɗan daga cikin abin da ta ƙunsa. Mutumin da ya nuna wa wani wariya saboda naƙasarsa zai iya biyan tarar naira 100,000, ko ɗaurin wata shida, ko duka biyun. Idan kamfani ne ko hukuma, tarar naira miliyan 1 ce. Ba a yarda a amince da zanen wani ginin jama'a ba sai an ga hanyar da mai naƙasa zai shiga, kuma jami'in da ya amince da zanen da ya saɓa wa ƙa'ida shi ma yana da hukunci. Yaro mai naƙasa yana da haƙƙin karatu kyauta har ƙarshen sakandare. A duk inda ake layi, a fara sallamarsa. Asibitin gwamnati ya tanadi hanyar fahimtar wanda ba ya ji ko ba ya magana. Ma'aikatun gwamnati su ware aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki. Dokar ta kuma haramta amfani da mai naƙasa wajen bara.

Ga wurin da ya fi shafar hirarmu ta yau: dokar ta ba da wa'adin shekara biyar a gyara tsofaffin gine-gine. Wa'adin ya cika a watan Janairun 2024. Ke nan duk ginin jama'a da har yanzu keke ba ya iya shigarsa, lokacin da aka ɗibar masa ya riga ya wuce. Dokar ta kafa hukumar kula da masu buƙata ta musamman ta ƙasa. James David Lalu, wanda kurma ne, shi ya fara jagorantarta a 2020, sannan a 2024 aka naɗa Ayuba Gufwan, wanda shi kansa shan inna ta taɓa shi yana yaro.

Darasin lissafi a bakin baranda

Da yawa idan aka ce a gyara gini, abin da ke zuwa musu shi ne gangaren siminti a gefen matakala. Haka ne, amma ba kowane gangare ke da amfani ba. Ƙa'idar da magina a ƙasashe da dama suke bi ita ce ɗaya bisa goma sha biyu: duk santimita 1 na tsayi, a ba shi santimita 12 na tsawo a ƙasa.

Ku ɗauko rula mu gwada. A ce barandarku tana da matakala uku, kowace santimita 15. Tsayin ya zama santimita 45. Ku ninka da 12, za ku sami santimita 540, wato mita 5.4. Wannan shi ne tsawon da gangaren yake buƙata. 'Yan babbar sakandare da suka yi darasin kusurwa za su iya tabbatar da cewa karkatarsa ba ta kai digiri 5 ba. Idan birkila ya ƙuntata shi zuwa mita ɗaya da rabi don ya rage siminti, to ya gina tsauni ne: mai keke ba zai iya hawa da kansa ba, wajen sauka kuma keken na iya kife shi.

Bayan tsawo, gangare yana buƙatar faɗin da keke zai bi ba tare da taya ta zame ba, da ƙarfen dafawa a gefe, da shimfiɗaɗɗen wuri a sama inda keken zai tsaya ya juya. Kada a goge fuskar simintin ta yi santsi, domin da damina zai zama tarko. Ƙofa kuma ta kai kimanin santimita 90, kuma kada a bar mata dokin ƙofa mai tudu. Sannan a duba hanyar da ke kaiwa ga gangaren. Me amfaninsa idan tsakaninsa da ƙofar makaranta rairayi ne da ke cinye taya, ko lambatu buɗaɗɗe da aka ɗora wa katako ɗaya?

Wani abin lura shi ne kuɗi. Idan aka sa gangare da ƙofa mai faɗi tun a zanen gini, abin da ake ƙarawa kaɗan ne. Idan kuwa sai an gama an shafe fenti, dole a fasa a sake, kuɗin ya ƙaru. Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Wurin da ba a son ambata

Akwai ɓangaren da kunya ke hana mu faɗi, alhali yana daga cikin manyan abubuwan da ke korar yara daga makaranta: ban-ɗaki. Ku tuna irin masan da ke yawancin makarantu. Ƙofa ƙarama, tudu a bakin shiga, rami a ƙasa, babu abin dafawa. Yaron da ke tafiya da hannuwansa, da waɗannan hannuwa zai taka wannan ƙasa, da su kuma zai koma ya riƙe biro ya ci abinci. Wasu sukan ƙi shan ruwa tun safe don kada buƙata ta kama su, a garin da zafin bazara kan haura digiri 40. Ga 'ya mace da ta fara girma, abin ya fi tsanani.

Gyaran bai fi ƙarfin makaranta ba: ɗaki ɗaya mai ƙofa mai faɗi da ke buɗewa waje, mazauni mai ɗan tudu, ƙarfen dafawa a bango, da buta da ruwa a inda hannu zai kai.

Ba gini kaɗai ba

Shiga gini abu ɗaya ne, samun abin da aka je nema wani abu ne daban. Kurma na iya hawa kowace matakala, amma idan ya je asibiti ana kiran suna da baki, sai layi ya wuce shi yana zaune. Idan ya shiga wurin likita babu mai fassara, ta yaya zai bayyana inda ke masa ciwo, ko ya gane sau nawa zai sha magani? Kuma kada ku ɗauka kurame ba su da harshe. A ƙasar Hausa akwai maganar hannu, harshe ne cikakke mai ƙa'idojinsa, wanda wata manazarciya Bajamushiya, Constanze Schmaling, ta zauna a Kano ta nazarta, ta fitar da littafi a kansa a shekarar 2000.

Makaho kuma matsalarsa sanarwar da aka manna a allo, da fom ɗin da aka ce ya cike, da ramin da aka haƙa a hanya aka tafi aka bari. Rubutun da makafi ke karantawa da yatsa, wani yaro ne ɗan Faransa, Louis Braille, ya tsara shi a 1824 yana da shekara 15, wato sa'an wasunku. Ɗigo shida ne kacal ake jujjuyawa su ba da haruffa da lambobi. A Najeriya an buɗe makarantar makafi ta Gindiri da ke Filato tun 1953. A Japan kuwa, wani mai suna Seiichi Miyake ya ƙirƙiro tubalan daɓe masu ƙuraje da makaho ke ji da ƙafa ko sanda, aka fara shimfiɗa su a birnin Okayama a 1967.

Zabiya kuma yawanci yana fama da raunin gani, rana tana ƙona masa fata. Abin da yake buƙata a aji ba ya cin ko sisi: kujerar gaba, rubutu manya a allo, izinin sa hula da riga mai dogon hannu, da kuma kada a tsayar da shi cikin rana lokacin taron safe.

Wasu hukumomin ƙasa sun fara motsawa. WAEC tana buga takardun jarrabawa da rubutun Braille da kuma manyan haruffa, tana ba da ƙarin lokaci, amma sai makaranta ta bayyana buƙatar ɗalibi tun wajen rajista. JAMB ta kafa kwamiti na musamman a 2017 da ke shirya wa makafi jarrabawa. Dokar zaɓe ta 2022 ta ba mai naƙasa damar zuwa da wanda ya amince da shi ya taimaka masa, INEC kuma tana kai tabarau mai ƙara girman rubutu da jagoran ƙuri'a na makafi. To amma ku tuna, rumfunan zaɓe da yawa a makarantu suke. Barandar da ta hana yaro shiga aji, ita ce za ta wahalar da mahaifinsa ranar jefa ƙuri'a.

Tallafi da haƙƙi

Jihar Sakkwato ta daɗe da yin suna wajen tallafa wa masu naƙasa. Tun zamanin Gwamna Aliyu Magatakarda Wamakko, wanda ya yi mulki daga 2007 zuwa 2015, aka riƙa biyan dubban mutane alawus na naira 6,500 a wata. A birnin Sakkwato kuma akwai makarantar musamman ta Abdurrashid Adisa Raji. Waɗannan abin yabo ne. Amma daga Tambuwal zuwa Sakkwato tafiyar kimanin kilomita 100 ce, daga Kebbe ma ta fi haka. Iyaye nawa ne a Kuchi ko Girkau ko Sanyinna ko Dogon Daji za su iya rabuwa da ƙaramin yaro zuwa wannan nisa? Ga mafi yawan yara, makarantar da ke garinsu ita ce kaɗai damar da suke da ita. Alawus yana ciyar da mutum kwanaki, aji kuwa yana iya mai da shi malami ko lauya ko ma'aikacin lafiya.

Addininmu ma bai san ware mutum a gefe ba. Abdullahi ɗan Ummu Maktum makaho ne, a kansa aka saukar da farkon Suratu Abasa. Yana cikin ladanan Manzon Allah (SAW), kuma an sha bar masa riƙon Madina yana jan mutane salla idan an yi tafiya. Ba sadaka aka ba shi ba, amana aka damƙa masa. A al'adarmu kuma akwai Sarkin Makafi da Sarkin Guragu, masu magana da yawun jama'arsu a fada. Su da ƙungiyoyin masu buƙata ta musamman su ne ya kamata a fara tambaya kafin a ɗora tubali, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ku dubi abin da dama ke haifarwa. A Kano, Aminu Ahmed Tudun Wada da abokansa da shan inna ta taɓa sun kafa wurin ƙera kekunan da ake tuƙawa da hannu. Misbahu Lawan Didi, shi ma ɗan Kano, ya ƙirƙiro ƙwallon guragu da yanzu ake bugawa a jihohi da dama. A Amurka kuwa, a watan Maris na 1990, masu naƙasa sun sauka daga kekunansu suka ja jiki suka hau matakalar ginin majalisar dokoki a birnin Washington don duniya ta gani. Cikinsu har da yarinya 'yar shekara takwas, Jennifer Keelan. A watan Yulin wannan shekara aka sa hannu a kan dokar da suke nema.

Wa za a tambaya?

Tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi kula da kasuwanni da tashoshin mota da wuraren bahaya na jama'a, ya kuma ba su hannu a ilimin firamare da kiwon lafiya. A watan Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa tura musu kasonsu kai tsaye. Saboda haka kansila da shugaban ƙaramar hukuma suna da amsar da za su bayar. Makarantun sakandare galibi na jiha ne, don haka akwai ma'aikatar ilimi da 'yan majalisar jiha. Tambuwal da Kebbe kuma mazaɓa ɗaya ce a Majalisar Wakilai, wadda Aminu Waziri Tambuwal ya wakilta daga 2003 zuwa 2015, har ya zama kakakin majalisar a 2011. Duk azuzuwan da wani wakili zai gina da sunan aikin mazaɓa, kuɗin jama'a ne, ƙa'idar kuma ta hau kansu.

Aikin gida

Ga abin da muke so kowace makaranta ta gwada a wannan zango, da izinin shugaban makaranta.

Na farko, ku haɗa ƙungiyar mutum biyar ko shida, kuma lallai a cikinku a sami ɗalibi mai naƙasa, ko wani daga cikin gari. Ku bar shi ya ja gaba. Ku aro tef na awo wurin tela ko kafinta, ku fara daga ƙofar makaranta, ku bi ta aji da ofis da ɗakin gwaje-gwaje da masallaci da famfo da ban-ɗaki. Ku rubuta yawan matakala, tsayin baranda, faɗin ƙofa, da tsawon gangaren da ake buƙata.

Na biyu, ku raba abin da kuka gano kashi biyu: wanda ba ya buƙatar kuɗi da wanda yake buƙata. Cike rami, kawar da duwatsu daga hanya, sauya wa ɗalibi kujera, mayar da aji zuwa ɗakin da ya fi sauƙin shiga, malami ya fuskanci ɗalibai idan yana magana don mai raunin ji ya ga bakinsa, duk waɗannan gobe ma ana iya yin su.

Na uku, ku rubuta takarda shafi ɗaya cikin ladabi, da alƙaluma, ku miƙa ta hannun malaminku zuwa ga shugaban makaranta da ƙungiyar iyaye da malamai. Wanda ya ce "makarantarmu ba ta da kyau" ƙorafi ya yi. Wanda ya ce "barandarmu santimita 45 ce, tana buƙatar gangare mai mita 5.4" ya kawo aikin da birkila zai iya yi wa kuɗi.

Na huɗu, ku gyara mu'amala. Ku kira mutum da sunansa, ba da lalurarsa ba. Kada ku tura keken wani ko ku ja sandar makaho sai kun tambaye shi. Idan za ku yi wa makaho jagora, ku bar shi ya riƙe hannunku, kuna faɗa masa abin da ke gaba. Ku koyi gaisuwa da maganar hannu ko da kalma goma ce. Idan kuma kun san wani yaro a unguwarku da ke zaune gida saboda naƙasa, ku gaya wa malaminku.

Ranar 3 ga Disamba ce ranar masu buƙata ta musamman ta duniya. Zai yi kyau kafin ta zagayo a ce wata makaranta a Jabo ko Ungushi ko Alasan ta gama awonta, ta miƙa takardarta, har an zuba siminti. Ku aiko mana da abin da kuka auna da amsar da aka ba ku, za mu buga a wannan fili don wasu su yi koyi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.